Kwamfuta Ta Yi Shiru Bayan Canza Direban Sauti: Yadda Ake Gano Inda Matsalar Take

Abu ne da ke faruwa da mutane da yawa. Laftof tana aiki lafiya, ana kallon fim, ana sauraron karatu, sai dai ƙarar ba ta kai yadda ake so ba. Sai wani aboki ya ba da shawarar a sauke sabon direba, ko a sa irin manhajar nan da ke sabunta duk direbobin kwamfuta lokaci guda. Ana gamawa aka kashe aka kunna, sai ga jan gicciye a kan hoton lasifikar da ke ƙasan allo ta hannun dama. In aka kai maus wurin, sai ta rubuta "No Audio Output Device is Installed", wato wai kwamfutar ba ta da na'urar fitar da sauti sam. Garin neman gira an rasa ido.

Daga nan ne asara ke farawa. Wani zai yi ta sauke direba a kan direba har datarsa ta ƙare. Wani zai kai wa mai gyara a ce masa sai an yi fomatin, ya rasa hotuna da takardun makaranta. Wani ma a ce masa abin sautin ya ƙone, sai an canza babban allon kwamfutar. Alhali idan sauti yana fita kafin a taɓa direba, kuma ya ɗauke daidai lokacin da aka taɓa, to da wuya a ce ƙarfe ne ya lalace. Mafi yawan lokuta katin yana nan lafiya, Windows ce ta rasa hanyar yi masa magana. Aikin da ke gaban mai kwamfuta shi ne ya gano daidai inda maganar ta yanke kafin ya sake sauke komai.

Mene ne katin sauti, mene ne direba?

Mai amfani da waya bai saba jin kalmar direba ba, domin kamfanin da ya ƙera wayar ya riga ya haɗa direbobinta cikin Android tun daga masana'anta, kuma babu wani wuri a saitin da ake shiga a canza su. A kwamfuta ba haka abin yake ba. Windows guda ɗaya ce ke hawa kan dubban nau'ikan injuna, saboda haka kowane ɓangare na injin yana buƙatar 'yar ƙaramar manhaja da za ta zama tafinta tsakaninsa da Windows. Wannan tafintan shi ne direba.

Shi kuwa katin sauti, a da can kati ne na gaske da ake sokawa a cikin kwamfutar tebur. A yau sunan ne kawai ya rage. A laftof da yawancin kwamfutocin tebur, sautin yana manne a jikin babban allo, kuma ya kasu gida biyu. Wannan rabuwar ita ce mabuɗin fahimtar matsalar gaba ɗaya.

Na farko shi ne kwantirola, wanda ke zaune a ɓangaren Intel ko AMD na injin. Na biyu shi ne kodek, wani ɗan ƙaramin guntu da ke juya lambobin kwamfuta su zama sautin da kunne ke ji. Kamfanin Realtek na ƙasar Taiwan ne ke ƙera mafi yawan kodek ɗin da ke cikin laftof, sai wasu irin su Conexant da IDT a tsofaffin injuna. Tsarin da biyun ke magana da juna a kansa ana kiransa High Definition Audio, Intel ce ta fito da shi a 2004 ya maye gurbin tsohon tsarin AC'97 na 1997.

Windows ba ta ganin kodek kai tsaye, sai ta hannun kwantirola. Kamar baƙo ne da ya tsaya a zaure ya aiki yaro cikin gida a yi masa sallama da maigida. In yaron bai ji yaren baƙon ba, saƙo ba zai shiga ba, maigida ba zai fito ba, baƙo zai tafi yana cewa ba kowa a gidan. Wanda ya yi ta sauke direban Realtek alhali direban kwantirola ne ya lalace, kamar wanda ke ƙara ɗaga murya ne ga maigidan da saƙo bai kai gare shi ba.

Wannan ya taɓa faruwa da jama'a masu yawa lokaci guda. A watan Oktoba na 2018, Windows Update ta tura wani direban sauti na Intel mai lamba 9.21.0.3755 zuwa kwamfutocin Windows 10 da bai dace da su ba. Mutane suka wayi gari da jan gicciye a kan lasifika, duk da cewa babu abin da ya sami kodek ɗinsu. Sai da Microsoft ta fitar da gyara mai lamba KB4468550, wanda aikinsa kawai ya cire wancan direban. Cirewa ce ta dawo da sauti, ba ƙarin direba ba.

Mataki na farko: abubuwan da ba sa cin minti biyar

Kafin a shiga ciki, a fara da "Restart", kada a yi "Shut down". Tun daga Windows 8 akwai tsarin kunnawa da sauri wanda ke ajiye halin da direbobi suke ciki lokacin kashewa, ya dawo da su yadda suke lokacin kunnawa. Wanda ya kashe ya kunna yana iya dawowa kan matsalarsa daram. "Restart" ne ke loda direbobi daga farko.

Bayan haka a cire duk abin da ke jone: wayar HDMI, abin sauraro na kunne, lasifikar Bluetooth. A danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta mmsys.cpl, a danna Enter. A shafin "Playback" a danna dama a fili, a zaɓi "Show Disabled Devices". Idan "Speakers" ta bayyana a dusashe, a danna mata dama, a zaɓi "Enable", sannan "Set as Default Device". Sau da yawa sabon direba kan mayar da talabijin ko allon da aka taɓa jonawa ta HDMI ya zama shi ne wurin fitar sauti, lasifikar laftof ta zauna shiru.

Idan shafin babu komai a cikinsa, a sake danna Windows da R, a rubuta services.msc. A nemo "Windows Audio" da "Windows Audio Endpoint Builder". Dole ne dukansu su nuna "Running". In ɗaya ya tsaya, a danna masa dama a tayar da shi. In duka suna aiki amma har yanzu shiru, to matsalar tana ƙasa da nan.

Mataki na biyu: a tambayi Device Manager

A danna dama a kan maɓallin Start, a zaɓi "Device Manager". Wurare huɗu za a duba, kuma kowanne da abin da yake faɗa.

"Audio inputs and outputs" shi ne jerin lasifika da makirufo da Windows ta shirya don amfani. "Sound, video and game controllers" nan ne kodek ke bayyana, da suna irin "Realtek Audio" ko "High Definition Audio Device". "System devices" nan ne kwantirola yake, da suna "High Definition Audio Controller" ko wani suna mai ɗauke da "Intel Smart Sound Technology". "Other devices" kuwa zangon baƙi ne, inda Windows ke ajiye abin da ta gani amma ba ta san ko wane ne ba.

Abin da aka tarar zai faɗa cikin ɗaya daga hali uku.

Hali na ɗaya: kodek yana nan, amma da alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa a kansa. Wannan labari ne mai daɗi, domin Windows tana ganinsa, direban da aka ba shi ne bai karɓa ba. A danna shi sau biyu a karanta lambar da ke cikin akwatin "Device status". Lamba 10 na nufin na'urar ta kasa tashi da wannan direban. Lamba 28 na nufin babu direba kwata-kwata. Lamba 39 na nufin Windows ta kasa loda direban, wataƙila ya lalace ko wani fayil nasa ya ɓata. Lamba 52 na nufin Windows ta kasa tabbatar da sa hannun wanda ya yi direban, abin da ke yawan faruwa da direbobin da aka kwaso daga shafukan da ba na kamfani ba. Lamba 22 kuwa kashe shi kawai aka yi, "Enable device" ta wadatar.

Hali na biyu: babu kodek a jerin sam, amma a "Other devices" akwai wani abu mai suna "Multimedia Audio Controller", ko kuma kwantirolan da ke "System devices" yana da alamar motsin rai. Wannan shi ne yaron zauren da bai ji yare ba. A nan direban kwantirola za a gyara tukuna. Da zarar ya tashi, kodek zai fito da kansa.

Hali na uku: babu kodek, babu kwantirola, babu baƙon abu a ko'ina. A nan sai a leƙa BIOS, wato saitin da ke ƙarƙashin Windows. Ana shiga ne lokacin da kwamfuta ke tashi, da F2 a Dell, F10 a HP, F1 a ThinkPad na Lenovo. A nemo wurin da aka rubuta "Audio" ko "Onboard Audio" a tabbatar yana kunne. Kwamfutocin hannu da suka fito daga ofisoshin ƙasashen waje wani lokaci sukan zo da wasu abubuwa a kashe daga nan.

Mataki na uku: komawa baya kafin a ci gaba

Tunda canjin direba ne ya jawo matsalar, magani mafi sauƙi shi ne a koma kan na da. A danna na'urar sau biyu, a shiga shafin "Driver", a danna "Roll Back Driver". Windows tana ajiye direba ɗaya ne kawai na baya. Wannan ne ya sa sauke direba a kan direba ke da haɗari: wanda ya sa uku a jere ya riga ya ture mai kyaun daga wurin ajiyar, komawa baya za ta kai shi ne ga wani marar kyau.

Idan maɓallin a dusashe yake, sai a cire direban gaba ɗaya. A danna dama, a zaɓi "Uninstall device". Wani ɗan akwati zai fito da za a yi wa alama. A Windows 10 an rubuta "Delete the driver software for this device", a Windows 11 kuma "Attempt to remove the driver for this device". Wannan alamar ita ce mutane suka fi mantawa. In ba a yi ta ba, direban yana nan a ma'ajiyar Windows, kuma da an sake kunnawa za ta ɗauko shi ta mayar, mutum ya yi ta zagaye wuri ɗaya. In bayan cirewa wani tsohon direban ya sake hawa kuma shi ma bai yi aiki ba, a maimaita har sai sun ƙare.

Idan manhajar sautin tana cikin jerin manhajojin da aka girka, a cire ta daga can ma. Realtek na da tsari biyu: tsohon da ke zuwa da "Realtek HD Audio Manager", da sabon da ke aiki da "Realtek Audio Console" ta Microsoft Store. Ɗora ɗaya a kan ragowar ɗaya yana cikin abubuwan da ke rikita sauti.

Bayan an yi "Restart", Windows za ta ɗora nata direban na gama-gari, sunan na'urar ya koma "High Definition Audio Device". Ana iya zaɓarsa da hannu ma: "Update driver", sai "Browse my computer for drivers", sai "Let me pick from a list". Wannan direban ba shi da kayan ƙawa, amma gwaji ne mai kyau. In sauti ya fita da shi, an tabbatar kodek da lasifika lafiyarsu ƙalau.

Mataki na huɗu: a tambayi na'urar sunanta na gaskiya

Yanzu ne lokacin neman direban da ya dace, kuma ba a nemansa da ka. Kowace na'ura tana da lambar shaida da ke jikinta, ko da direba ko babu. A danna ta sau biyu, a shiga "Details", a zaɓi "Hardware Ids". Za a ga rubutu irin wannan:

HDAUDIO\FUNC_01&VEN_10EC&DEV_0256&SUBSYS_1028

da wasu lambobi huɗu a ƙarshe. Abin da ke bayan VEN shi ne kamfanin da ya ƙera kodek: 10EC Realtek ne, 14F1 Conexant, 111D kuma IDT. Abin da ke bayan DEV shi ne samfurin, a nan 0256 na nufin ALC256. Lambobi huɗun farko bayan SUBSYS su ne kamfanin kwamfutar: 1028 Dell, 103C HP, 17AA Lenovo, 1043 Asus, 1025 Acer. Wanda ya ga 14F1 ya san duk direban Realtek da ya sauke ɓarnar data ce. Idan kuma rubutun ya fara da INTELAUDIO maimakon HDAUDIO, to sautin injin yana bi ne ta Intel Smart Sound Technology, dole direbansa ya zauna daidai kafin na kodek ya yi aiki.

Dalilin da ya sa SUBSYS ke da muhimmanci shi ne, kodek iri ɗaya yana iya kasancewa a laftof ɗin Dell da ta HP, amma kowane kamfani da yadda ya jona ƙafafunsa da lasifika, makirufo da ramin abin sauraro. Saboda haka wurin da ya fi dacewa a sauko da direba shi ne shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, ta hanyar rubuta samfurinta ko lambar da ke manne a ƙarƙashinta. A fara girka direban "Chipset", sai na Intel Smart Sound in akwai shi daban, sai na sauti, ana yin "Restart" a tsakani.

Ga masu Linux

Ɗalibai masu koyon shirya manhaja da yawa suna sa Ubuntu ko 'yan uwanta, kuma a can matsalar kan fito da sunan "Dummy Output". Hanyar bincike ɗaya ce, daga ƙasa zuwa sama. A Linux direbobin sauti suna cikin ALSA, wanda Jaroslav Kysela ya fara a 1998. A samansa akwai mai rarraba sauti ga manhajoji, wanda a da PulseAudio ne, yanzu kuma PipeWire. Fedora ta koma PipeWire a fitowarta ta 34 a 2021, Ubuntu kuma a 22.10.

A buɗe taminal a rubuta lspci | grep -i audio. In layi ya fito, injin yana ganin kwantirola. Sai a rubuta aplay -l. In ya jero kati, to ALSA lafiya take, matsalar tana sama: a duba wpctl status, a tabbatar an girka wireplumber da pipewire-pulse, domin sau da yawa wanda ya cire PulseAudio da hannu yakan manta da su. In kuwa ya ce "no soundcards found", direba ne bai hau ba. A rubuta sudo dmesg | grep -i -E "snd|sof" a karanta ƙorafin da ya fito. A sababbin laftof na Intel, abin da ya fi yawa shi ne rashin fayilolin Sound Open Firmware, waɗanda a Ubuntu da Debian suke cikin kunshin firmware-sof-signed. A Ubuntu kuma, in sauti ya ɗauke bayan sabunta kanel, a duba ko kunshin linux-modules-extra na wannan kanel ɗin ya sauka.

Yaushe ne za a yarda ƙarfe ne ya lalace?

Akwai gwajin da ke raba gardama ba tare da an goge komai ba. A sa Ubuntu a filashi, a tayar da kwamfutar daga kansa, a zaɓi gwadawa ba girkawa ba. In sauti ya fita a can, ƙarfen lafiya yake, kuma duk wanda ya ce a canza babban allo bai duba da kyau ba. In BIOS ta nuna sauti a kunne, an gyara kwantirola a Windows, Linux ma ta ga kwantirola amma ba ta ga kodek ba, to a nan ne zargi zai koma kan ƙarfe.

Ko a hakan ma ba lallai ne a taɓa babban allo ba. Ɗan katin sauti na USB, mai kama da filashi da ramuka biyu, yana ɗauke da nasa kodek ɗin, kuma Windows da Linux suna gane irinsa ba tare da an sauke komai ba. Lasifika ko abin sauraro na Bluetooth ma ba ya bi ta kodek ɗin cikin kwamfuta, saboda haka zai yi aiki. Wannan ma abin lura ne wajen gwaji: jin sauti ta Bluetooth ba ya nuna katin ciki ya gyaru.

Kafin a sake taɓa direba

Duk ranar da sauti ya dawo, a yi ajiyar direbobin da ke aiki. A buɗe "Command Prompt" a matsayin "administrator", a ƙirƙiri folda a filashi, misali E:\direbobi, sannan a rubuta:

pnputil /export-driver * E:\direbobi

Wannan zai kwafe direbobin da aka ƙara wa Windows zuwa filashin. Ranar da aka yi fomatin ko wani direba ya sake rikicewa, sai a nuna wa "Update driver" wannan foldar, ba sai an sayi data ba. Haka kuma a riƙa yin "restore point" kafin kowane canji, a canza direba ɗaya a lokaci guda, a gwada sauti, sannan a wuce na gaba. Manhajar da ke canza direbobi ashirin a zama ɗaya ba ta barin mutum ya san wanne ne ya yi ɓarnar.

Direban sautin da ke aiki ba ya buƙatar sabuntawa don kawai an ga mai sabuwar lamba. In ƙara ce ta yi kaɗan, a fara duba "Volume mixer" da saitin manhajar da ake kallo da ita, ko a jona lasifikar waje. In kuma dole sai an canza, a rubuta lambar "Hardware Ids" a takarda ko a ɗauke ta hoto da waya tukuna, a ajiye.